Zaman lafiyar gari daga tsakar gida yake farawa

  

Kwanakin baya, a cikin shirinmu na safe a gidan rediyo, wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya ta bugo mana salula. Muryarta kaɗai ta isa ta gaya maka ba ta samu barci ba. Ta ce tun kiran assalatu take tashi, ta share gida, ta ɗora ruwan zafi, ta dama koko, ta shirya yara huɗu su tafi lakkwal, sannan ta ɗauki kayanta ta nufi kasuwa. Da la'asar sakaliya ta kwashe, ta biya ta yi cefane, ta dawo ta ɗora tukunya. Ranar nan tuwon dare ya makara, sai maigidan ya dube ta a gaban yara ya ce wai ita me take tsinanawa a gidan nan. Tana ajiye waya sai ga wani magidanci ya bugo, ya ce shi kam matarsa ba ta aikin komai, tana gida zaune. Muka ce masa: Malam, wa ya dafa abin da ka karya da shi yau? Wa ya wanke rigar da ke jikinka? Ya yi dariya, ya ce to ai wannan ba aiki ba ne.

Tun daga ranar maganar nan take ci mana rai, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo ta a wannan fili. Ra'ayinmu shi ne, riƙon gida aiki ne babba, kuma a kansa ne kwanciyar hankalin iyali da zaman lafiyar unguwa suke tsaye. Gidan da aka raina wannan aiki, ko aka jibga shi a kan mutum ɗaya har ya durƙushe, ko ba daɗe ko ba jima sai an ji hayaniyarsa daga waje.

Tunda da ƴan kasuwa muke magana, bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Alhaji, ɗauki alƙalami. Nawa za ka biya ɗan ga-ruwa ya cika randuna kullum? Nawa mai wanki da guga yake karɓa a mako? Nawa za ka ba mai surfe da mai kai niƙa? In za ka sayi abinci a bakin hanya sau uku a rana, kai da yara shida, jika nawa ke nan a wata? Wa za ka ɗauka ya kwana a zaune da yaro mai zazzaɓi, gari na wayewa ya goya shi zuwa gidan likita ya bi layi? In ka haɗa wannan kuɗi, za ka tarar wadda ka ce tana zaune tana shigo maka da abin da ya fi ribar wani teburin. Sai dai ita ribarta ba a ganinta a aljihu, shi ya sa ake mantawa da ita. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar yara fiye da 7, na 2021 kuma ya nuna kimanin 6. Kowane ɗaya daga cikin yaran nan sai an yi masa goyo, da wanka, da yaye, da jinya. Wannan duka a wuyan wa yake?

Mu da ke rubuta wannan, a gidan Kirista muka tashi a Maraɗi, kuma ba ma ɓoye haka. Mun san mafi yawan masu karanta mu Musulmi ne, domin ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristan Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Ba wa'azi muka zo yi wa kowa ba. Abin da muka gani da idonmu a tsakar gidanmu za mu faɗa, wanda ya ga abin ɗauka ya ɗauka. Kiristan ƙasar Hausa ta Nijar ba baƙi ba ne. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zauna a Tsibiri da Maraɗi, aka buɗe asibitin Galmi a 1950, da na Danja a 1956. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Kakanninmu Gobirawa ne da Katsinawa da Adarawa, tuwonmu ɗaya da na kowa, miyar kukarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya.

Innarmu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi. Litinin da Juma'a, ranakun cin kasuwar Maraɗi, ba a samunta a gida sai rana ta yi sanyi. Amma kafin ta fita sai ta tara mu a tabarma ɗaya, babanmu ya karanta ƴan layuka daga Littafi, a yi addu'a, a ambaci sunan kowane yaro da abin da ke gabansa a ranar, har da maƙwabcin da ba shi da lafiya. Abin ba ya wuce minti goma. Daga nan a raba aiki: wannan shara, wancan ɗiban ruwa, wancan ya kai niƙa, kuma maza ba su tsira ba. Mun sha jin tana rera waƙar sujada tana tuƙin tuwo. Muna yara mun ɗauka don ta rage gajiya ne. Sai da muka girma muka gane a wurinta tuƙin da waƙar abu ɗaya ne, duka bautar Allah take yi.

Wannan fahimta a Zumuntar Mata ta same ta, wato ƙungiyar matan majami'a da ke taruwa su yi karatu da addu'a, su ziyarci mai jego da marar lafiya da wadda aka yi wa rasuwa, su tara ɗan abin da za su taimaka da shi. Abin da suke koya wa juna shi ne, Allah ba a majami'a kaɗai yake duban mutum ba, yana dubansa a bakin murhu da bakin rijiya da bakin teburin ciniki. Mace in ta wanke yaro da zuciya ɗaya, ta auna tiya ba ta tauye ba, ta ciyar da baƙo, to ta yi ibada. Wanda ya riƙe wannan a ransa, aikin ba ya raguwa, amma ɗacinsa yana raguwa, domin ya san akwai mai gani ko da maigida bai gani ba.

Wasu suna zaton Littafin Kirista ya ce mace ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ba haka muka karanta ba. A sura ta 31 ta littafin Karin Magana an siffanta macen kirki, kuma in kin ji siffar za ki ce a kasuwar Dole ta Damagaram aka gan ta. Tana tashi tun da duhu ta raba wa mutanen gida abinci, tana saƙa tufafi ta sayar wa fatake, tana duba gona ta saya da ribarta, tana buɗe hannu ga matalauta, mijinta da ƴaƴanta kuma suna yaba mata. A littafin Ayyukan Manzanni akwai Lidiya, mai sayar da tufafi masu tsada a birnin Filibi, wadda gidanta ya zama masaukin manzanni. Akwai Tabita ta garin Yafa, mai ɗinka wa gwauraye riguna, wadda da ta rasu matan suka taru suna kuka suna nuna ɗinkinta. Akwai Akila da matarsa Bilkisu, su biyu sana'ar ɗinkin tanti suke yi tare. Saboda haka ƴar kasuwa kada wani ya sa ki ji kamar fitarki nema ta rage miki daraja a gida. Cinikinki yana cikin riƙon gidanki.

Akwai kuma wani labari a sura ta 10 ta Luka da matan zumunta suke yawan komawa kansa. Yesu Almasihu ya sauka a gidan wasu mata biyu, ya da ƙanwa, Marta da Maryamu. Marta ta shiga hidimar baƙi har ranta ya ɓaci, Maryamu kuwa ta zauna tana sauraro. Da Marta ta kawo ƙara, sai ya nuna mata cewa damuwa ta yi mata yawa, kuma abin da ƴar'uwarta ta zaɓa ba za a raba ta da shi ba. Bai ce girki laifi ne ba, ai shi ma abincin zai ci. Abin da muka fahimta shi ne, ana iya share gida fes, a jera kwanoni suna ƙyalli, amma wanda ya shigo ya ji kamar ya taka garwashi, domin mai gidan a ƙufule take. Mun san gidajen siminti masu kuran da talabijin da yara ke gudunsu, mun kuma san bukkar kara da maƙwabta ke son zama a cikinta. Tsabta wajibi ce, amma natsuwar zuciya ita ce gishirin miyar.

To ta yaya ake samun wannan natsuwa? Ba mu da wani sirri, sai ƴan abubuwa da muka ga suna aiki, waɗanda ba sa cin ko dala.

Na farko, iyali su haɗu ko da sau ɗaya a yini. A gidaje da yawa yanzu maigida yana cin tuwonsa a majalisa, uwargida ta ci nata a tsaye, yara kowa ya ja kwanonsa, babba kuma idonsa na kan salula. Mutanen da ba sa zama tare ba za su san damuwar juna ba. A bakin kwano ne uwa take gane yaron nan yau bai ci da yawa ba, uba ya ji an kori ɗansa saboda kuɗin lakkwal, a kuma lura da yarinyar da ta fara yin shiru.

Na biyu, a yi maganar kuɗi a fili. Kaso mai yawa na ƙorafin da ke zuwa mana a rediyo a kan kuɗin cefane ne. Maigida yana ba da abin da yake bayarwa tun shekaru biyar da suka wuce, bai san nawa tiyar gero ta kai ba, matar kuma tana cikawa daga jarinta har jarin ya karye, ba ta faɗa ba sai ranar faɗa. Ku da kuka san a kasuwa ba a haɗa jari da mutum ba tare da lissafi ba, me zai hana ku zauna da daddare sau ɗaya a mako, a ce ga abin da ya shigo, ga na hatsi, ga na magani, ga na ajiya? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma ɓoyon kuɗi tsakanin miji da mata shi ne tsagar farko.

Na uku, kada a kwana da fushi. Wannan gargaɗi yana cikin wasiƙar manzo Bulus zuwa ga Afisawa, kuma iyayenmu sun riƙe shi gam. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, balle mutum biyu da ba uwa ɗaya ta haife su ba. Mun ga babanmu da innarmu sun saɓa, amma ba mu taɓa jin ya zage ta a gabanmu ba, kuma ba mu taɓa wayar gari muka tarar ba sa gaisawa ba. Gaba ta kwana ɗaya takan zama ta mako, ta mako ta kai ga yaji, yaji ya kai ga takarda, yara su watse gidan kakanni.

Na huɗu, a huta. Kirista suna da Lahadi, Musulmi suna da Juma'a, amma uwargida sau da yawa ba ta da ko ɗaya, domin ranar hutun kowa ita ce ranar babban wankinta. Jaki ma in an yi masa lodi ana sauke masa ya sha ruwa. Innarmu takan yi girkin Lahadi mai sauƙi, bayan sujada ta shimfiɗa tabarma ta kwanta, kuma duk gidan an san ba a tashinta.

Yanzu bari mu juya ga masu cewa irin wannan magana dabara ce ta mayar da mata madafa. Muna jin su, kuma suna da hujja, domin an sha fakewa da kalmar riƙon gida a zalunci mata. Za mu faɗi abu uku da ba mu yarda da su ba, ko a gidan Kirista ko a gidan Musulmi.

Ba mu yarda a sauke aikin gida a kan ƴar yarinya ba. Mata ƴan kasuwa, wannan taku ce, ku yi haƙuri da mu. Sau nawa uwa take fita kasuwa ta bar ɗiya mai shekara goma da goyo da wanke-wanke da girki, ko ta ɗora mata tire ta aika ta talla tasha, alhali ƴan'uwanta maza suna aji? In ta kai sha huɗu a ce ai ta iya riƙon gida, a yi mata aure. Binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma jihar Maraɗi tana cikin na gaba. A Danja tun 2012 akwai cibiyar da ke yi wa mata aikin yoyon fitsari, kuma doguwar naƙuda ce babban dalilin ciwon, abin da ya fi samun wadda ƙugunta bai gama girma ba. Tun 2017 akwai dokar gwamnati ta kare karatun ɗiya mace. Yarinya ta koyi girki, i, amma bayan ta dawo daga lakkwal, kuma tare da yayanta namiji. Wadda ta iya karatu ita ce gobe za ta karanta takardar magani daidai, ta rubuta bashin da ake binta da wanda take bi.

Ba mu yarda a kira duka da wulaƙanci haƙurin aure ba. Mun ji matan da aka fasa wa baki, suka kai kuka wurin manya, aka ce su koma su yi ta addu'a. Addu'a gaskiya ce, amma wanda ya kamata a kira a tsawata wa shi ne mai dukan. Shirun da tsoro ya kawo ba zaman lafiya ba ne. Fasto ko liman ko mai unguwa da ya mayar da mace hannun mai dukanta ba tare da ya taka masa birki ba, yana da kaso a cikin alhakin abin da zai biyo baya.

Ba mu kuma yarda cewa namiji ya fi ƙarfin aikin gida ba. A sura ta 13 ta Yohanna, Yesu Almasihu ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa yake yi a wancan zamani. Kiristan da ya san wannan labari, sannan ya ce ɗaukar bokiti ya rage masa girma, to ya sake karantawa. Ƴan'uwanmu malaman Musulunci da muke gayyata a rediyo su ma sun sha faɗa cewa Annabi Muhammadu yakan taimaki iyalinsa da hidimar gida. To in haka ne, girman kan nan daga ina muka samo shi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Alhaji, ba mu ce ka bar kanti ka zo ka tuƙa tuwo ba. Amma kana iya biya wa yara lakkwal a kan babur, ka riƙe jariri ta yi wanka, ka sayo ice ko ka cika tukunyar gaz tun kafin a roƙe ka, in ka ci abinci kuma ka ce sannu da aiki. Wannan kalma ba a biya mata fatanti.

Kada kuma wani ya ɗauka muna cewa gidajen Kirista sun fi na kowa. A cikinmu akwai mashaya, akwai masu duka, akwai matan da ke rera waƙa da ƙarfi ranar Lahadi su koma gida suna zagin ƴar aiki. Mun kuma san gidajen Musulmi, har masu mata biyu da uku, da ake zaune cikin mutunci da adalci abin sha'awa. Maƙwabciyarmu Hajiya, Allah ya jiƙanta, ita ta koya wa innarmu yadda ake adana kuka da kuɓewa busassa su kai wata damina. Addini yana ba mutum dalili da ƙarfin zuciya, amma sai ya yi aiki da shi.

Me ya haɗa wannan duka da zaman lafiyar gari? Mu tuna baya kaɗan, ba don tayar da tsohon miki ba. A watan Nuwamba na 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, an kai wa wata majami'a hari a Maraɗi. A ranakun 16 da 17 ga Janairu na 2015, bayan zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga, tarzoma ta tashi a Damagaram da Yamai. Hukuma ta ce mutum 10 suka rasa rayukansu, kuma a Yamai an ƙone majami'u 45. Kiristan Nijar ba su zana komai ba, amma a kansu wutar ta sauka. Samarin da suka ɗauki fetur da ashana a ranar, kowannensu daga wani gida ya fito. Haka nan Musulmin da suka buɗe ƙofa suka ɓoye maƙwabtansu Kirista, suka ba su ruwa da tabarma har ƙura ta lafa, su ma daga gida suka fito. Abin da yaro yake ji ana faɗa a tsakar gida game da maƙwabci, shi yake fita da shi titi. Uwar da ke aiken ɗanta da kwanon tuwon sallah gidan Kirista, da wadda ke aiken nata da shinkafar Nowel gidan Musulmi, suna yin aikin da soja da ɗan sanda ba za su iya ba. Yaron da ya sha ruwan randar gidanku, da wuya ya jefa masa wuta. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wurin tanƙwarar shi ne gida.

Haka abin yake a lokacin tsanani. Waɗanda suka yi wayo a 2005 ba su manta da yunwar da ta taɓa jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa ba. A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, an rufe iyaka da Najeriya watanni da dama, ƴan kasuwarmu sun san abin da suka sha, sai a 2024 aka buɗe. A daminar 2024 kuma ruwa ya rushe gidaje masu yawa a Maraɗi da Damagaram. A duk waɗannan lokuta, gidan da ya tsaya da ƙafarsa sau da yawa shi ne wanda ke da mace mai tsimi da tanadi: ta ajiye ɗan hatsi, ta shanya zogale da yakuwa, tana da akuya biyu a turke, tana zuba adashi. Ba banza ba ne tsarin Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya bazu har ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Asusun nan da mata ke zubawa mako-mako daga dabarar riƙon gida ya fito. Sai dai mu gaya wa juna gaskiya, abin da aka tara a wata shida buki ɗaya yana iya cinye shi. Anko da gudummawar nuna isa sun karya jarin mata da yawa, sun kuma haddasa faɗa a ɗakuna da yawa. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Hukumomi su ma suna da nasu. Duk awar da mace ta ɓata a layin famfo, awa ce da aka ɗauke daga barcinta ko daga cinikinta. Hayaƙin ice da take shaƙa kullum ita da goyonta ciwo ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara a duniya. Tun 2011 matatar mai ta Damagaram take fitar da gaz. Muna roƙon a tabbata yana isa unguwanni da ƙauyuka a farashin da talaka zai iya, a kuma ƙara famfuna. Magadan gari kuwa su dubi kasuwanninmu, daga Katako ta Yamai har kasuwar Lahadi ta Tawa, su samar da ban-ɗaki mai tsabta da inuwar da mai goyo za ta zauna ta shayar da ɗanta. Matan nan suna biyan kuɗin tebur kullum, suna da haƙƙin a yi musu wannan.

Shugabannin addini, ku ma muna da roƙo. Wa'azin ladabin mace ga miji mun ji shi har mun haddace. A riƙa haɗawa da na haƙƙin mace a kan miji, a faɗa wa maza a fili, a majami'a da masallaci, cewa ciyarwa da tufatarwa da kyakkyawar magana nauyi ne a wuyansu.

Ƴar'uwa mai kayan miya da kika bugo mana, in wannan jarida ta iso hannunki, ko wani ya karanta miki, ki sani aikinki ba banza ba ne. Yaran nan huɗu da kike shiryawa kowace safiya su ne mutanen garin nan na gobe. Ki samu maigida a lokacin da ransa yake kwance, ki zauna ki yi masa lissafin yininki, in ya ƙi ji ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa. Kai kuma Malam da ka ce matarka ba ta aikin komai, ga shawara: ranar da ba ka fita kasuwa, ka ce ta je gidansu ta wuni, ka riƙe gidan daga asuba zuwa isha'i. Bayan nan ka sake bugo mana, layinmu a buɗe yake.

Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya shirya mana zuriya, ya ba ƙasarmu Nijar zaman lafiya mai ɗorewa, amin. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.